Jan Baki Sun Ci Muryar Ladan

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar su Malam Jafaru a Talatar Mafara ya san muryarsa tun kafin ya san fuskarsa. Shi ne ladanin masallacin bakin rijiya. Ko ranar da batirin lasifika ya mutu ba a makara sallar asuba, don in ya ɗora yatsu a kunne ya ja, har matan ƙarshen layi sai sun ji. Ba shi da shanu, ba shi da shago. Gonarsa ta gado tana can wajen Maradun, inda ɓarayin daji suka hana kowa kai fartanya. Abin da ya rage masa a duniya wanda zai nuna ya ce nawa ne, muryar nan ce. Ita ma a bazarar bara ya rasa ta, kuma ba ɓarayin daji ne suka raba shi da ita ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce sai na faɗa.

Maza uku ne a gidan, duk ukun babu mai aikin yi, kowa kuma da yadda ya ɗauki nasa rashin. Malam Jafaru, da ya ba saba'in baya, ya ɗauki nasa da haƙuri da ɗan abin da masallata ke damƙa masa ranar Juma'a. Autansa Mas'ud ya gama difloma, ya bi ofisoshi har takalminsa ya cinye, sannan ya dawo ya tare a ɗakin zaure shi da wayarsa. Shi kuwa babban, Muttaka, mai mata da 'ya'ya a cikin gidan, tun da aka sallame shi daga aikin ofis a wata tantancewa ya ƙi yarda cewa an sallame shi. Kullum sai matarsa Suwaiba ta goge masa kaftani da dutsen guga na gawayi, ya kafa hula, ya tafi ƙofar gidan wani Honarabul a Bakura ya zauna cikin masu jiran a mayar da su. Tukunyar gidan kuwa ba ta san wani Honarabul ba.

Akwai wani abu kuma da sai an san shi za a gane gidan. Muttaka ɗan fari ne, su Malam Jafaru kuwa Fulanin gida ne da suka bar kiwo tun zamanin kakanni amma ba su bar kunya ba. Tun ranar suna, daga Malam har matarsa Inna Husaina babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ambaci sunan yaron nan. Kakarsa ce ta yaye shi, ita ta riƙe shi, ita ta shagwaɓa shi. In za su ambace shi sai su ce “wancan” ko “yayanku”. Ba sa aikensa, ba sa yi masa faɗa ido da ido, in akwai magana sai ta bi ta bakin wani. A wurinsu wannan mutunci ne, kuma mutuncin ne, in an dace da ɗan da zai ga ana jin kunyarsa shi ma ya ji. Muttaka ya ga ana jin kunyarsa, sai ya mai da ita inuwa ya shimfiɗa tabarma.

Da bazara ta kama, shinkafar rani ta Bakolori ta fara fidda kai, sai jan baki suka sauko. Wanda bai san su ba zai raina su, don tsuntsun bai cika tafin hannu ba. Amma in suka taso sai ka ce hayaƙi, in kuma suka sauka a gonar da ƙwayarta ke da madara, kafin ka gama alwala sun tsotse ta sun bar maka ƙaiƙayi. Alhaji Falalu, mai gona a hanyar Bakura, yana neman mai tsaro har a yi yanka, zai biya da buhu biyu na shinkafa shanshera. Don ganin girman Malam ya ba Muttaka aikin, har ya auna masa 'yan tiyoyin shinkafa kafin alƙalami. Gidan ya ci shinkafa da mai da yaji, yara suka daina kukan safe. Muttaka ya je gona yini ɗaya, ya dawo wuya a ƙone yana tsaki.

Washegari Malam ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure da carbinsa, sai ga Muttaka cikin kaftani mai guga, ya durƙusa daga gefe, kai a sunkuye.

“Baba, an kwana lahiya?”

“Lahiya lau,” in ji Malam, idonsa a kan carbi.

“Ya gajiya? Ya ƙoƙari da jama'a?”

“Alhamdu lillahi.”

“Dama cewa niy yi in shaida maka, yau Honarabul shina gida. An ce wanda dut bai gani da idonai ba, ba shi cikin waɗanda za a maida aiki. Gonar Alhaji kau, yini guda ba shi kashe shinkafa.”

Malam ya san yini guda yana kashe shinkafa, rabin yini ma yana kashe ta. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, amma ta yaya zai dubi ɗan fari ya ce masa tashi ka tuɓe rigar nan? Sai ya dubi bango ya ce, “Wanda yac ci abincin mutane dai ya san da alkawali bisa kainai.”

“Haka na, Baba. Gobe in Allah ya so tun da asuba ina can.” Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya fita.

Malam ya leƙa ɗakin zaure ya ta da Mas'ud, don shi auta ne, ana iya kiran sunansa har a haɗa masa da zagi. Mas'ud ya tafi gonar yana ƙunƙuni. Kafin la'asar Alhaji Falalu ya aiko cewa ya tarar da shi a gindin bishiya ya toshe kunnuwa yana jin kiɗa, tsuntsaye kuwa sun share kusurwa guda ta gonar. In gidan Malam ba za su iya ba, a faɗa masa tun da wuri.

“Baba, ni hwa ba ni nik karɓi aikin ga ba,” in ji Mas'ud da ya dawo. “Yaya na yak karɓa. Kuma don Allah, mutum da difloma tai shi tsaya cikin taɓo shina ihu kamar wanda aljannu sunka taɓa? In abokaina sunka gane ni, ina za ni sa kaina?”

An riga an ci shinkafar mutane. Malam kuwa shi ke kiran jama'a zuwa ga Allah, ba zai yarda a ce gidan ladan sun ci amana ba. Da gari ya waye, ana sallame asuba ya naɗe ƙafar wando ya jawo tsohon kekensa. Inna Husaina ta biyo shi har zaure da jarkar ruwa.

“Malam, da girmanka?”

“Yau ɗai na, Husaina. Kahin wancan shi gama da mutanenai.”

Korar jan baki ba ta da wata dabara mai zurfi, wahala ce zalla. An kafa 'yar rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, an ja igiyoyi daga gare ta zuwa kowace kusurwa, an rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Mai tsaro zai hau ya tsaya, ya girgiza igiya, ya wurga laka da majajjawa, amma duk wannan tsuntsayen sun saba da shi. Muryar mutum ce kaɗai ke ta da su. Tun rana ba ta fito ba suke zuwa, in ta take su ɗan lafa, la'asar na yi su dawo da yunwar da ta fi ta safe. Malam Jafaru ya cika ƙirji ya ce, “Haaa! Haaa-yaaa!” sai ga garken ya tashi gaba ɗaya ya yi gonakin maƙwabta. Masu tsaron kusa suka juyo suna kallo. Da Alhaji Falalu ya zo da yamma ya ga ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba, ya ji kunya ya kuma ji daɗi, amma daɗin ya fi yawa.

“Malam, ai ba kai nib ba aikin ga ba.”

“Gida guda na, Alhaji.”

“To Allah shi saka da alheri. Wallahi murya irin wagga, ko bindigar toka albarka.”

Yau ɗin nan ta zama gobe, gobe ta zama mako. Malam ya roƙi Sulaiman tela, maƙwabcin masallaci, ya riƙa kiran azahar da la'asar, shi kuma ya riƙe asuba da magariba da lisha. Muttaka bai taɓa fasa gaisuwar safe ba, wannan kam ba za a ɗauki alhakinsa ba. Kullum zai durƙusa ya gaida tsohon da ke ɗaure jarka a bayan keke, ya ajiye masa sabon uzuri. Yau Honarabul ya tafi Gusau, za a bi shi a mota. Yau an yi rasuwa a gidan surukan Honarabul, wanda bai je gaisuwa ba ya fita daga ido. Wanda ya fi ba Malam mamaki shi ne na ranar da ya ce, “Baba, in anka gane ni cikin gona, cewa za a yi na samu abin yi, a ba wani gurbina.” Kuma ya faɗe shi ne da gaske. Mutumin ya yarda da ƙofar gidan nan fiye da yadda manomi ke yarda da damina, kuma tsoron ya tashi daga layi ya fi masa tsoron komai.

A mako na biyu muryar ta fara nuna alama. Da magariba Malam ya ja kiran salla, da ya zo inda ya saba ɗagawa sai ta tsage masa, ya yi tari a cikin lasifika. Inna Husaina ta daka citta da kanumfari da masoro, ta roƙo zuma a maƙwabta, ta ba shi ya sha da ruwan ɗumi. Da safe muryar ta ɗan dawo, ya kai ta gona ya ba tsuntsaye.

Wata rana Inna ta matsa wa Mas'ud ya kai wa ubansa fura. Malam ya ji daɗin ganinsa, ya ɗauka tausayi ne ya fara shigarsa, don har ya daɗe a tsaye a kan kunyar gona yana duban rumfar. Bai san wayar ce ke dubansa ba. Ranar Talata ya biya kasuwa a hanyarsa ta komawa gida, sai ya ji samarin da ke zaune wajen mai cajin waya sun haɗa baki, “Haaa-yaaa!” suka fashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗan sauran ladabi, ya miƙo masa waya. Malam ya ga kansa a kan rumfa, hula a karkace, riga jiƙe da gumi, yana daga hannuwa yana ihu, an kuma ɗora kiɗa a ƙarƙashin ihun yadda zai zama kamar rawa yake yi. Ya tura keken har gida bai hau ba.

“Baba, ba ka gane ba,” in ji Mas'ud. “Wanga shi na aikin zamani. Dubban mutane sun kalla. In mabiya sunka yi yawa, biya aka yi. Ni ma hwa nema nika yi ma gidan ga.”

“Da mutuncina kaka nema?”

“Ai ba wanda yaz zage ka. Dariya ɗai suka yi, wasu har addu'a suka yi maka.”

Malam ya ɗaga murya zai yi masa irin tsawar da ta saba sa shi fitsari yana yaro, sai ta fito a shaƙe kamar ta zakara mai mura. Mas'ud ya sunkuyar da kai, amma bai goge komai ba.

Ranar da ya tofar da yawu ya ga zaren jini, Inna Husaina ta ce wallahi sai an je asibiti. Likitan, wani matashi mai sanyin hali, ya haska masa maƙogwaro da tocila ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Baba, ka yi ma muryag ga rauni ƙwarai. Shiru za ka yi ɗungurungum har wata guda, ko kiran salla ban yarda ba. In kac ci gaba, wata rana za ka buɗe baki ka ji babu komi, kuma in ta tahi ba ta dawowa.” A lokacin saura kamar mako biyu a yi yanka.

Daga asibiti Malam ya wuce wurin Alhaji Falalu. Alhaji ya jajanta masa sosai, ya yi ta girgiza kai, sannan ya ce, “To Malam, yanzu ina za ni samu wani? Dut masu tsaro an kama su. Kuma ka san maganammu da ɗanka, sai an yi yanka aka biya. In kun saki yanzu, ni da ku dut mun yi asara.” Malam ya gane karatun. In ya saki, wahalar baya ta tafi a banza, jikokinsa kuma su koma kukan safe.

Da ya dawo gida ya kira matarsa ɗaki, ya yi mata magana da 'yar muryar da ta rage. “Ki sa a gaya ma wancan, likita ya hana ni magana. Shi riƙe gonar mutane har a yi yanka. In bai yi ba, muryata ta tahi ke nan.”

Inna Husaina kunyarta ta fi ta Malam, don ita ta haifa. Ta samu surukarta Suwaiba a bakin murhu, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, “Ki ce ma maigidanki, tsohonai ba shi jin daɗin maƙoshinai. In da hali a kama mai.” Suwaiba kuwa tsoron mijinta take ji, don tun da ya rasa aiki magana kaɗan ke tunzura shi. Da ta kai masa ruwan wanka sai ta ce, “Inna ta ce Baba shina mura.” Haka maganar ta bi ta baki uku tana ramewa, har ta isa wurin mai ita ba ta da nauyin komai.

Da safe Muttaka ya durƙusa ya ajiye ƙullin alewar tari a gefen tabarma. “Baba, an ce mura ta kama ka. Ga wagga, tana washe maƙoshi.”

Malam ya dubi alewar. Ya daure ya ce wa bango, “Ba mura ba ta. Likita ya ce in ba a bari ba...”

“Likitocin yanzu tsoratarwa ɗai sunka iya,” in ji Muttaka da sauri, kamar mai tsoron jin ƙarshen maganar. “Ka ƙara haƙuri, Baba, abin ya zo gangara. Mako mai zuwa za a hidda sunaye. In nik koma aiki, wallahi ko tsinke ba ka ƙara ɗauka.”

Kada wani ya ce Muttaka bai sani ba. Kunnuwansa lafiyarsu lau, kullum yana jin kiran magariba, yana jin yadda muryar da ya tashi a cikinta take ƙanƙancewa. Ya sani sarai. Ya dai ga cewa tsohon ba zai taɓa duban idonsa ya ce masa je ka ba, kuma muddin ba a ce ba, yana iya gaya wa kansa ba a nema ba. Malam ya ɗauki alewar ya sa a aljihu, ya jawo keke.

Bayan 'yan kwanaki abin da likita ya faɗa ya same shi a gaban jama'a. Ya tsaya gaban makirfo da magariba, ya yi kabbarar farko da ƙyar, ya buɗe baki zai yi ta biyu, sai iska kawai ta fita. Duk unguwa ta ji hucin tsoho a lasifika, ya sake gwadawa, ta sake ji. Sulaiman tela ya matso a hankali ya dafa kafaɗarsa ya karɓa. Bayan an sallame, Liman ya ja shi gefe.

“Malam Jafaru, ka huta hakanan. Sulaiman shi riƙe har Allah shi ba ka sauƙi.” Sannan ya ƙara, “Kuma dama jama'a sun ta magana kan abin ga da aka gani cikin waya. Ba laihinka ba na, amma ka san mutane.”

Malam ya gyaɗa kai. Ya tsaya neman takalminsa a ƙofar masallacin da ya yi wa ladanci tun gemunsa na baƙi, hawaye suka hana shi ganin takalmin. Ranar ya yi kuka irin na wanda aka yi wa mutuwa, kuma ko kukan ba shi da sauti.

Duk da haka da safe ya koma gona, don ba a yi yanka ba. Jan baki ba su da tausayi amma suna da wayo, nan da nan suka gane mai rumfar nan ya zama bebe. Suka riƙa sauka har gindin rumfar. Malam ya sauko ya riƙa bin kunyoyin gona da gudu irin na tsofaffi, yana dukan gwangwani da sanda, yana kaɗa rigarsa, ya zame ya faɗa taɓo ya tashi. In ya ga garken ya yi yawa sai ya matse maƙogwaro ya tilasta shi, wani abu mai kama da kukan ƙofa ya fito, ya tofar da jini. Masu tsaron gonakin kusa, waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Maradun, su ne suka ji tausayinsa. In sun kori nasu sai su juyo su ara masa ihu. Da taimakon bare aka kai shinkafar Alhaji Falalu ranar yanka.

Alhaji ya cika alkawari, aka kawo buhu biyu aka jingine a zaure. Inna Husaina ta shafa su ta yi hamdala, ta ce za ta turara ɗaya ta sayar da tiya-tiya, ɗayan kuma a ci a hankali har damina ta kankama. Malam ya yi shirun da likita ya ce, ya sha zumar, ya sha cittar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. In yana son ruwa sai ya tafa hannu. Yakan zauna a zaure ya ɗora tafinsa a kan buhu, in Sulaiman ya kira salla leɓɓansa su riƙa bi. Ya gaya wa zuciyarsa cewa ko ba komai ya san abin da ya sayo da muryarsa, ga shi nan yana taɓawa.

Wata safiya da hantsi yana cikin gida sai ya ji an tsai da babur a ƙofa. Ya fito zaure ya tarar babu buhu ko ɗaya a jikin bango. A waje Muttaka ne da babur ɗin aro, ya ɗora ɗaya a kan tanki, yana ɗaure ɗayan a baya da roba. Da ya ji motsin ubansa ya saki robar ya durƙusa, idonsa a ƙasa kamar kullum.

“Baba, dama yanzu za ni shigo in shaida maka. Ɗiyar Honarabul aka yi ma biki, kowa shina kai gudummawa, kuma wanda yak kai abin kirki shi aka tunawa. Shuka ta, Baba, ba ɓarna ba ta. In aikin ga ya hito, buhu nawa za mu saye?”

Malam ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ɗaga hannu yana kaɗawa, a'a, a'a. Amma ɗa mai ladabi ba ya kallon fuskar ubansa, kuma Muttaka bai taɓa rasa irin wannan ladabin ba. Ƙasa yake kallo, yana jiran ya ji ko za a ce wani abu. Tun yana yaro shirun ubansa izini ne a wurinsa, yau ma shiru ya ji.

“Na gode, Baba. Na san za ka gane.”

Ya tashi ya ƙarasa ɗaurin, ya haye, ya buga babur. A nan ne wani abu ya tsinke a ƙirjin Malam Jafaru. Ya ce a ransa kunya ta ci gidansu, yau zai kira yaron nan da sunan da ya raɗa masa, ya kira shi yadda duk unguwa za ta ji, ya ce masa sauke. Ya fito tsakiyar layi babu takalmi, ya cika ƙirji kamar yadda ya saba, ya buɗe baki. Leɓɓansa suka haɗa sunan daidai, sunan da ya adana fiye da shekara arba'in bai taɓa kashewa ba. Iska ce kawai ta fita.

Ya juyo a firgice. Inna Husaina na tsaye a bakin zaure, ta ga komai, kuma ita muryarta lafiya lau. Ya nuna mata babur ɗin, ya nuna bakinta, ya haɗa hannuwa yana roƙonta. Ta buɗe baki, sai ta ja mayafi ta rufe shi, hawaye na zuba a kan mayafin. Babur ya sha kwana.

Layin ya yi tsit. Can daga ɗakin zaure, inda Mas'ud ke kwance yana duba ko mabiya sun ƙaru, sai ga muryar Malam Jafaru ta tashi cikakkiya, mai ƙarfi, yadda unguwa ta san ta: “Haaa! Haaa-yaaa!” da kiɗa a ƙarƙashinta.

Rashin aikin yi bala'i ne, ban musa ba, kuma ba Muttaka ne ya kori kansa daga ofis ba, ba Mas'ud ne ya rufe ƙofofin da ya ƙwanƙwasa ba. Amma bala'in da ya shigo gida ya tarar da maza uku, me ya sa ya zaɓi mai furfura ya hau? Ɗaya yana tsaron gurbinsa a layi, ɗaya yana tsaron takardarsa, kowa ya sami abin da ya fi ƙarfin ya shiga taɓo, sai tsohon da ba shi da komai sai murya. Jan bakin gona ana hango su daga nesa a yi musu ihu su tashi. Na cikin gida su ne ke durƙusawa su gaishe ka da safe, kai kuma kana jin nauyin kiran sunansu. Gidaje nawa ne a garin nan tsoho ke fita nema, ƙarti na kwance suna jiran babban rabo?

Har yau ba a fidda sunayen ba. Washegarin bikin Suwaiba ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna tana tambayar abin da za a ɗora. Malam Jafaru yana jin ta daga zaure. Ya tashi ya jawo keken ya duƙa yana ba tayar iska, don ya ji an ce ana neman masu dashen shinkafar damina a Morai. Shi wannan aikin ba ruwansa da murya, ƙugu yake ci, kuma Malam yana da sauran ƙugu.